Bututun fitar da iska na injin busar da kaya: tambayoyin masu gidajen wanki da amsoshinsu

Aikina haɗa bututun iska ne a ɗakunan wanki na otal-otal, asibitoci da gidajen wanki da guga. A ƙasarmu rana ba ta yi mana rowa ba, amma duk wanda ke wanke zannuwan gado ɗari biyu kullum ya san igiya ba za ta ɗauke shi ba, balle a watan Agusta da sama ke kwana uku a rufe. Sai a sayo injin na miliyoyi, a kira mai lantarki, a kira mai gas, bututun kuma a bar wa duk mai waldar da ke kusa. Yawancin tambayoyin nan daga wannan wurin suka taso.

Injin yana yin zafi sosai, amma kaya ba sa bushewa da wuri. Injin ne ya lalace?

Da wuya. Kafin ka kira mai gyara, zagaya bayan gini ka sa hannu a bakin bututun. In iskar da ke fita ba ta ture maka hannu ba, ka gano inda ciwon yake.

Zafi shi kaɗai ba ya busar da kaya. Ka tuna shanya a hunturu: gari da sanyi, amma kafin azahar riga ta bushe ƙarau, saboda busasshiyar iska na kaɗawa. A damina kuwa ga zufa ga zafi, rigar ta wuni a igiya da danshinta. Haka injin yake. Yana ɗumama iska, ya ratsa da ita cikin kaya, ta kwaso ruwan, ya tura ta waje. Tawul mai nauyin kilo 20 da ya fito daga injin wanki bayan an matse shi yana riƙe da ruwa kusan lita 10, wato rabin jarka. Duk ruwan nan ta bututun zai fita a matsayin tururi. Idan hanya ta ƙuntata, jiƙaƙƙiyar iskar sai ta yi ta juyawa a cikin gangar da ake zuba kaya, kaya su yi zafi kamar an dafa su, amma a jiƙe. Lodin da ya kamata ya ƙare a minti 35 sai ya kai awa guda, gas na ƙonewa, janareta na shan mai.

To ta ina iskar za ta shigo? Ba bututun fita ne kawai ake buƙata ba?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a yi min, kuma ita ce aka fi mantawa da ita.

Injin da ke ɗaukar kilo 23 yana fitar da iska wajen mita kubik 1,200 zuwa 1,300 a awa guda. Ɗaki mai mita huɗu tsawo, huɗu faɗi, uku tsayi, injin ɗaya zai zuƙe iskar cikinsa kaf a minti biyu da 'yan daƙiƙu. Duk abin da ya fita kuwa dole wani ya shigo ya maye gurbinsa. In babu ƙofar shiga, fankar injin tana juyawa ne kawai, kamar mutumin da aka toshe wa hanci aka ce ya hura wuta.

An taɓa kirana wani otal da ke da injina uku sababbi fil, bututunsu kuma babu laifi. Da na je buɗe ƙofar ɗakin wankin sai na ji kamar wani na riƙe da ita daga ciki. Da ta buɗe, iska ta bi ni a baya har hulata ta faɗi, ƙarar injinan ma ta canja nan take. Ashe lokacin hunturu ne suka liƙe tagogi da leda da kwali don kada ƙura ta ɓata fararen zannuwa, suka kuma sa doka a riƙa rufe ƙofa. Matan da ke guga a ciki sun ce kullum da ciwon kai suke tashi. Injinan gas ne. Ranar ban taɓa bututu ba, bango muka fasa.

Girman kafar shigar iska yana rubuce a littafin da ya zo da injin. A injinan Amurka masu gas, na kilo 23 yakan nemi kafa mai ƙafa ɗaya tsawo ƙafa ɗaya faɗi, kuma wannan na injin guda ne. Injina huɗu, ninki huɗu. In za ka sa mata taga mai lufa ko raga, ƙara girman da kamar kashi ɗaya bisa uku, domin ƙarafan suna cin wuri. A buɗe ta a bangon da ke bayan injina, ta yadda iskar za ta tafi kai tsaye inda ake zuƙarta ba tare da ta bi ta kan ma'aikata ba. Maganar ƙura kuwa gaskiya ce, ban raina ta ba. Maganinta matata mai faɗi da za a iya zarewa a kakkaɓe, a hunturu kusan kullum.

Ina da bututun roba na inci 4 da ya rage daga aikin famfo. Zai yi?

Ba zai yi ba, ta fuska biyu. Inci 4 na injin gida ne. Na kasuwanci bakinsa yakan zama inci 6 ko 8, manyan su kai 10 ko 12. Mutane na ganin inci 4 rabin inci 8 ne, alhali a wajen faɗin hanyar iska kashi ɗaya ne cikin huɗu. Dokar a nan gajeriya ce: bututu ba ya ƙasa da bakin injin, ko da a wuri ɗaya ne, ko da don a ratsa bango ne.

Sannan roba ba ta jure wuta. Tana kuma janyo ɓurɓushin zare ya manne mata, irin yadda ƙura ke manne wa gilashin talabijin. Ranar da ɓurɓushin ya kama, bututun da kansa zai narke ya zama abincin wuta. Abin da ake so shi ne farin ƙarfe mai santsin ciki, zagayayye, mai ɗan kauri da ba ya lotsewa a hannu. Maƙeran kwano na kasuwanninmu suna naɗa shi da kyau in ka ba su awo daidai. Shi kuma bututun nan mai lanƙwasa kamar maƙogwaro, kowane lungu nasa tarkon ɓurɓushi ne. In dole sai an sa, ya zama na ƙarfe, ɗan guntu tsakanin injin da babban bututu, a fili inda ido ke gani. Dokar gine-gine ta International Mechanical Code da ake bi a yawancin jihohin Amurka ta tsayar da shi a ƙafa 8, ba a wucewa.

Tsawon nawa bututun zai iya yi, kuma gwiwa nawa?

Gajere, miƙaƙƙe, shi ne na gari. Wasu kamfanonin sun ƙayyade ƙafa 14 da gwiwa biyu, in za a wuce haka sai a ƙara wa bututun faɗi. Gwiwa ɗaya mai kusurwa sosai tana wahalar da iska kamar ƙafafu da yawa na miƙaƙƙen bututu, shi ya sa nake fifita gwiwa mai faɗin lanƙwasa, ko biyu masu digiri 45 a maimakon ɗaya mai 90.

Hanya mafi sauƙi ita ce a jera injinan a jikin bangon da ke kallon waje tun farko. Ba a fafe gora ranar tafiya. In gini ake yi, a kira mai bututu kafin a zuba dakin, wato kankaren bene, kada a wayi gari injin na tsakiyar bene, bim ya tare gaba, a ce a san yadda za a yi.

Me ya sa kuke hana ɗaure gaɓoɓin bututu da noti?

Domin tsinin da ya leƙa ciki ƙugiya ce. Zare ɗaya ya maƙale, na biyu ya maƙale a jikinsa, bayan wata uku ka buɗe ka tarar da dunƙule kamar sheƙar tsuntsu a kan kowane tsini. Ana haɗa gaɓa ne ta hanyar cusa bakin bututun baya cikin na gaba, daidai da inda iska ta nufa, don kada iska ta ci karo da gefen ƙarfe. A ɗaure da maɗaurin ƙarfe ta waje ko ribit mai gajeren kai, a naɗe da tef na alminiyom. Tef na leda ko na yadi zafi yana busar da gam ɗinsa, ya saki.

A rataye bututun da maɗaurai kusa-kusa don kada cikinsa ya sauka, domin inda ya sauka nan ruwa da ɓurɓushi ke kwanciya su zama laka. In a kwance zai tafi, a ɗan karkata shi zuwa waje. A kuma bar tazarar inci 6 tsakaninsa da katakon rufi, silin na roba, ko duk abin da wuta ke ci.

Injina huɗu gare ni. Kowanne da bututunsa, ko a haɗe su?

In bango zai ba ka dama, kowanne ya fita da nasa. Ya fi sauƙin shara, kuma matsalar ɗaya ba ta shafar sauran.

In dole a haɗe, to aikin lissafi ne, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Babban bututun sai ya riƙa faɗaɗa yayin da kowane injin ke shigowa. Misali injina masu baki inci 8: a wajen na farko inci 8, bayan na biyu ya shigo inci 12, bayan na uku 14, bayan na huɗu 16. Kowane reshe ya shiga a karkace, digiri 45, yana fuskantar inda iska ke tafiya, kamar ƙaramin titi da ke sajewa da babba. Idan ya shiga a tsaye cak, iskarsa za ta daki bangon bututun ta tare wa na baya hanya. Kada rassa biyu su kalli juna. Kowane injin kuma ya kasance da marfin da iska ke turawa ya buɗe, ya rufe da kansa in an kashe, in ba haka ba injin da ke aiki zai riƙa hura tururinsa cikin wanda ke hutawa.

Akwai masu cewa a yi shi ƙato tun daga farko har ƙarshe a huta. Wannan ma kuskure ne. Ɓurɓushi na tafiya ne muddin iska na gudun da ya kai kamar mita 6 a daƙiƙa. A cikin bututun da ya yi mata yawa iskar takan yi sanyin jiki, ta zubar da kayanta a hanya. Don haka ake barin ƙofofin shara a jikin babban bututu, inda hannu da buroshi za su shiga.

Ina bakin bututun ya kamata ya ƙare? Zan iya sa raga saboda ƙadangaru?

A waje, a sarari. Ba cikin silin ba, ba cikin wani ɗaki ko lungun bene ba, ba cikin ramin sokawe ba. Na ga inda aka sake shi cikin rufi: katako ya yi baƙi da danshi, ɓurɓushi ya kwanta a kan wayoyin lantarki kamar an baza auduga. Bakin ya yi nesa da taga da ƙofa da aƙalla mita ɗaya, ya kuma yi nesa da kafar shigar iska, don kada injin ya sake shaƙar abin da ya fitar. In ta bango ya fita, a sunkuyar da shi ƙasa saboda ruwan sama, a bar sarari isasshe tsakaninsa da ƙasa. In ta rufi ne, a lanƙwasa kansa kamar mariƙin lema.

Raga kuwa a'a. Na san ƙadangare da ɓera da tsuntsaye suna son wurin, zanzaro ma na gina ɗakinsa a ciki. Amma ragar sauro a bakin bututun injin kasuwanci ba ta kwana bakwai ba ta toshe ba, dokar Amurkan da na ambata ma ta hana ta ƙarara. Marfi mai lilo shi ne maganin dabbobin. A riƙa duba shi kawai, don ɓurɓushi kan hana shi rufuwa.

Mai gyara ya ce wani ɗan makunni a bayan injin ne ke kashe wutar, ya ɗaure shi da waya, yanzu injin na aiki. Da matsala?

Babba. Je ka kwance wayar yau.

Wannan makunnin ɗan faranti ne da iska ke ja. In iska na tafiya yadda ya kamata, sai ya rufe, injin ya sami izinin kunna wuta. In iska ta yi rauni, sai ya saki, wutar ta mutu. Wato lokacin da ya riƙa kashe wutar, aikinsa yake yi, yana gaya maka bututu ya toshe ko ɗakin ba iska. Wanda ya ɗaure shi ya bar wuta na ci a cikin akwatin da ke cike da auduga ba tare da iskar da za ta ɗauke zafin ba. Haka nan wanda ya haɗe wayoyin na'urar da ke yanke wuta in zafi ya wuce kima. Na fi ganin wannan a injinan na hannu da aka sayo ba littafi, kuma duk lokacin da na gani sai gabana ya faɗi.

Ta yaya zan san bututuna na aiki daidai ba tare da na'ura mai tsada ba?

Da siririn tiyo mai haske, irin wanda magina ke zuba wa ruwa su daidaita gini. Lanƙwasa shi kamar harafin U a jikin katako, zuba ruwa zuwa rabi. Huda ƙaramin rami a jikin bututun, kamar ƙafa ɗaya ko biyu daga bakin injin, ka sa bakin tiyon ɗaya daidai ramin ba tare da ya leƙa ciki sosai ba, ɗayan ka bar shi a buɗe. Kunna injin. Ruwan zai sauka a gefe ɗaya ya hau a ɗayan. Auna tazarar da rula.

Tazarar nan ita ce nauyin da bututun ke ɗora wa fanka. Kamfanoni sun bambanta, wasu ba sa yarda ta wuce milimita 8, wasu suna kaiwa 20, sai ka duba littafin injinka. In bututun haɗaka ne, a kunna duka injinan kafin a auna. Abin da ya fi amfani shi ne ka auna ranar da aka gama aiki bututu na da tsabta, ka ja layi da biro a jikin katakon. Duk ranar da ruwan ya wuce layin sosai, lokacin shara ya yi. In ka gama, liƙe ramin da tef na alminiyom.

In bututun ya yi tsawo, ba sai in ƙara fanka ba?

Ana yi, amma sai an rasa yadda za a gajarta ko a faɗaɗa. Fankar ta zama wadda motarta, wato ɗan injin da ke juya ta, ke wajen hanyar iska, kuma a haɗa ta yadda ba injin da zai tashi ba tare da ita ba. Fankar bango ta kicin ko ta banɗaki ba ta wannan aikin.

Zan iya haɗa shi da bututun hayaƙin kicin ko na tukunyar ruwan zafi?

A'a. Maiƙon kicin da ɓurɓushin zare in sun haɗu sun zama lagwani. Bututun injin busarwa nasa ne shi kaɗai.

A injin gas akwai ƙarin dalili. Hayaƙin wutar ta bututun nan yake fita tare da tururi. In ya toshe, ko gaɓa ta saki, ko ɗakin ya rasa iska har harshen wutar ya koma ja maimakon shuɗi, iskar kabon monoksaid na iya taruwa. Ita ce dai mai kashe mutane in an kwana da janareta a ɗaki, ba ta da wari ba ta da launi. Na'urar da ke ƙara in ta ji ta ba ta da tsada, a sa ɗaya a ɗakin. Masu wankin kwat da sinadari kuma su raba ɗakinsu da na injin gas, domin tururin sinadarin in ya ratsa wuta yakan zama asid mai cin ƙarfe, ya kuma ɓata kaya.

Sau nawa ake shara, kuma da gaske gobara na tashi daga nan?

Tana tashi. Hukumar kula da gobara ta Amurka ta ƙiyasta gobara kusan 2,900 a shekara daga injinan busar da kaya a gidajen zama kaɗai, tsakanin 2008 da 2010, kuma rashin shara ne kan gaba, kashi 34 cikin ɗari. Wannan injin gida ke nan da ake kunnawa jifa-jifa. Naka yana aiki daga safe har dare.

Matatar ɓurɓushi da ke ƙasan injin a share ta kullum, in tawul ko sababbin barguna ake busarwa har sau biyu ko uku a wuni. Bayan injin da kewayen murhun da motar da ke juya shi, duk wata. Bututun kansa a buɗe a duba duk wata uku, a bi shi da buroshi daga injin har waje aƙalla sau ɗaya a shekara, wurin da ke aiki sosai sau biyu. A rubuta ranar a jikin bango, a kuma ɗora wa mutum ɗaya da sunansa, don aikin kowa da kowa ba mai yin sa.

Wani abu da ba bututu ba ne amma yana tare da shi: tsummokaran kicin da tawul ɗin da suka sha man gyaɗa, man ja ko man tausa. Wanki ba ya fitar da man duka. In aka fito da su da zafinsu aka tara a kwando, ko wutar lantarki ta ɗauke aka bar su cunkushe a gangar aka tafi gida, suna iya ɗumama kansu har su kama da tsakar dare. A bar injin ya kammala mintocin sanyayawa na ƙarshe. In wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki, a buɗe a kwashe kayan a baza su.

Shagona a tsakiyar plaza yake, ba bangon da ke kallon waje. Ba ni da mafita ke nan?

Akwai injinan da ba sa buƙatar bututu. Suna aiki da kwamfireso irin na na'urar sanyaya ɗaki, su mayar da tururin ruwa ya bi ta magudana. Kamfanoni irin su Electrolux da Miele suna yin na kasuwanci. Sun fi tsada a saye, sun fi jinkirin busarwa, gyaransu na son wanda ya san aikin sanyi, kuma ɗakin na buƙatar ɗan sararin shan iska don suna ɗumama shi. Amma lantarkin da suke ci bai kai rabin na injin da ke ɗumama iska da hitar lantarki ba, abin da mai biyan kuɗin dizal zai ji a aljihunsa. In ba za ka iya sayensu ba, nemi izinin mai gini a bi da bututun ƙarfe ta rufi da faɗin da ya dace, ko ka ajiye shagon don karɓar kaya da guga, injinan ka kai su wani wuri mai bango a waje.